Jihar Jojiya: ƙauye da ƙuri'a, birni da kuɗi

Duk mai bin ƙwallo a Najeriya ya san "Atlanta 96". Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wasan da Najeriya ta ci Brazil 4 da 3 a gasar Olamfik ta 1996, da wanda ta ci Ajantina 3 da 2, ba a Atlanta aka buga su ba. An buga su ne a Athens, garin jami'ar jihar Jojiya ta Amurka, tafiyar kimanin kilomita 110 daga Atlanta. Mutanen waje kan haɗa Atlanta da Jojiya su mai da su abu guda, su kuwa 'yan jihar sun san abubuwa biyu ne da suka daɗe ba sa ga maciji. Birnin ne ke da kuɗi, amma shekara da shekaru ƙauyuka ne ke naɗa gwamna. Yawancin abin da ya faru a siyasar jihar, da kasuwancinta, har da wasanninta, daga wannan jayayya ya samo tushe.

Jojiya ita ce auta a yankuna 13 da Ingila ta kafa a gabar Amurka. James Oglethorpe ya sauka a inda birnin Savannah yake yanzu a 1733, kuma manufar Ingila ita ce ta samu katanga tsakanin Carolina da Sifaniyawan da ke Florida. Dokokin farko na da ban mamaki: an hana mallakar bayi, an hana barasa mai ƙarfi, an ƙayyade girman gonar da mutum zai riƙe. Mazauna wurin suka hango maƙwabtansu na Carolina na azurta da shinkafar da bayi ke nomawa, suka yi ta ƙorafi har aka ɗage haramcin a 1751.

Abin da ya juya jihar gaba ɗaya wani ɗan inji ne. Audugar da ke yi a cikin ƙasa, nesa da teku, gajeren gashi gare ta, anguryarta kuma na manne mata sosai, ta yadda mutum zai yini bai tsince rabin kilo ba. A 1793, a wata gona kusa da Savannah, Eli Whitney ya haɗa injin gurza: gangar katako mai haƙoran waya tana juyawa, haƙoran na jawo audugar ta cikin wasu tsagogi ƙanana da angurya ba za ta iya wucewa ba, sai wata ganga mai buroshi ta share audugar daga haƙoran. Da hannu ake murɗa shi, amma yana gurza sama da kilo 20 a yini. Injin ya rage aikin gurza, ya bar aikin noma da tsinka yadda yake, saboda haka buƙatar bayi ta ninka. A ƙidayar 1790 bayi a Jojiya kimanin 29,000 ne. A 1860 sun haura 460,000, kusan kashi 44 cikin 100 na mutanen jihar.

Auduga na son sabuwar ƙasa, ƙasar kuwa ta 'yan asalin wurin ce, ƙabilun Creek da Cherokee. Jojiya ta ɓullo da wata hanya ta daban: ana auna ƙasar, a yanka ta fuloti-fuloti, a sa lambobi a ganga, a yi canki-canka tsakanin fararen fata. Da aka gano zinariya a Dahlonega wajen 1829, sai gaggawar ta ƙaru. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1832 cewa dokar Jojiya ba ta aiki a ƙasar Cherokee, jihar ta yi kunnen uwar shegu, Shugaba Andrew Jackson bai tilasta ta ba. An raba ƙasar, fulotin noma eka 160, na zinariya eka 40. A 1838 sojoji suka kora Cherokee zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya.

Ita Atlanta jirgin ƙasa ne ya haife ta. A 1837 aka kafa turke a inda layin dogo zai ƙare, gari ya taso a gefensa. Mahaɗar layukan nan ce ta sa Janar Sherman na sojojin tarayya ya nufe ta a yaƙin basasar Amurka, ya kama ta a Satumban 1864, ya bar ta a ƙone, ya ratsa jihar har teku. Bayan yaƙi aka mai da ita babban birni a 1868. A shekarar ce kuma majalisar jiha ta kori baƙaƙen fatar da aka zaɓa a cikinta, abin da ya sa Jojiya ta zama ta ƙarshe, cikin jihohin da suka ɓalle, da aka mayar cikin tarayya, a 1870.

Bayan auduga

An 'yanta bayi ba a ba su gona ba. Tsarin da ya maye gurbin bauta ya yi kama da ba-da-kaka: mai ƙasa ya ba ka fili da alfadari da iri, ɗan kanti ya ba ka abinci da taki bashi da ruwa mai yawa, idan kaka ta yi a raba audugar, a cire bashin daga rabonka. Littafin lissafi a hannun mai ƙasa yake. Da yawa kan gama shekara da saura a kansu, kuma wanda ake bi bashi ba ya tashi. Ɗan kanti ba ya karɓar jingina sai ta auduga, don haka ko manomi ya so canza shuka, babu hali.

Ƙwaro ne ya karya wannan. Wani ɗan ƙwaron auduga mai dogon baki, wanda ya taso daga Meziko ta Texas, ya iso Jojiya a 1915. Macen na huda furen da bai buɗe ba ta saka ƙwai, tsutsar ta cinye cikinsa, ya faɗi. Jihar da ta samu dila miliyan 2.8 a 1914 ta koma dila 600,000 a 1923. Dubban iyalai, musamman baƙaƙe, suka tattara suka nufi Atlanta da biranen arewa.

Waɗanda suka zauna a kudancin jihar sun koma gyaɗa, kuma yau kusan rabin gyaɗar Amurka daga Jojiya take fitowa. Aikin nasu a tsare yake. Ana shuka tsakanin ƙarshen Afrilu da Mayu, a zuba farar ƙasa mai sinadarin kalsiyam lokacin da gyaɗar ta fara sa ƙafa, don in babu shi kwanson kan fito ba ƙwaya. Bayan kwana 140 ko kusa da haka, inji ya tuge ta, ya kakkaɓe ƙasa, ya kifar da ita 'ya'yan na kallon sama. Ta sha iska kwana biyu zuwa uku, wani injin ya tsinke, a zuba a manyan amalanke da ake hura wa iska mai ɗumi har danshinta ya sauko kashi 10 cikin 100. Nan ne sirrin yake. Gyaɗar da aka adana da danshi, ko wadda fari ya wahalar a ƙarshen damina, ita ke kama fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin. A wurin saye akwai jami'in gwamnati da ke ɗiban samfuri daga kowane lodi, in ya ga alamar fumfuna a ware lodin, ba za a ci ba, sai dai a matse mai, farashinsa kuma ya faɗi. Wanda ya san tarihin dalar gyaɗa ta Kano zai lura cewa wannan matakin na busarwa da tantancewa shi ne ke raba gyaɗar da kasuwar duniya ke karɓa da wadda take mayarwa.

A arewacin jihar, inda ƙasa ta gaji, kaji ne suka shigo. Wani ɗan kasuwar Gainesville, Jesse Jewell, ya fara bai wa manoma 'yan tsaki da abinci bashi a shekarun 1930, ya sayi kajin idan sun girma. Daga nan ya mallaki wurin ƙyanƙyasa, da injin abinci, da mayanka. Haka tsarin yake har yau: tsaki da abinci na kamfani ne, ɗaki da wuta da aiki na manomi. Ɗaki ɗaya na ɗaukar kaji sama da 20,000, a kwashe su bayan mako shida zuwa bakwai. Ana biyan manomi gwargwadon nauyi, kuma ana gwada shi da sauran manoman da aka kwashe kajinsu a mako guda: wanda kajinsa suka fi yin nama da ƙarancin abinci a ƙara masa, wanda ya zo ƙasa a rage. Matsalar ita ce bashin gina ɗakin na shekaru ne, kwangilar kuwa takan zama ta zubi ɗaya. In aka duba da kyau, akwai ƙamshin tsohon tsarin auduga a ciki.

Lissafin ƙuri'a

Jojiya na da gundumomi 159, babu jihar da ta fi ta sai Texas. Daga 1917 doka ta ce a zaɓen fid da gwani ba yawan ƙuri'un mutane ake ƙirgawa ba, makin gunduma ake tarawa. Gundumomi 8 mafiya girma na da maki 6 kowace, 30 na biye da su maki 4, sauran 121 maki 2. Jimilla 410. Wanda ya zo na ɗaya a gunduma, ko da ƙuri'a guda ce, ya kwashe makinta duka. Tun da jam'iyyar Dimokurat ce kaɗai ke cin zaɓe a lokacin, fid da gwani shi ne zaɓen.

A duba abin da hakan ke nufi. A 1960 gundumar Fulton, inda Atlanta take, na da mutum 556,326 da maki 6. Gundumar Echols na da mutum 1,876 da maki 2. Ke nan mutum ɗaya na Echols daidai yake da 99 na Fulton. Ƙananan gundumomi uku sun isa su shafe Atlanta. Ɗan takara ba ya buƙatar birni, zaginsa ma riba ce, kuma Eugene Talmadge ya gina siyasarsa a kan haka. A zaɓen fid da gwani na gwamna a 1946 James Carmichael ya fi shi ƙuri'a da kimanin 16,000, amma Talmadge ya lashe da maki.

Sai ya rasu a Disamba kafin rantsuwa, aka shiga rikicin gwamnoni uku. Magoya bayansa sun san ba shi da lafiya, don haka, domin majalisa ta samu damar zaɓarsa in uban ya rasu, sun sa wasu sun rubuta sunan ɗansa Herman a takardar ƙuri'a. Majalisa ta zaɓi Herman, bayan an "gano" ƙarin ƙuri'u daga gundumarsu, waɗanda daga baya aka ga har matattu sun jefa. Gwamna mai barin gado Ellis Arnall ya ƙi fita, Herman ya sa aka canza makullan ofis. Zaɓaɓɓen mataimakin gwamna Melvin Thompson shi ma ya ce kujerar tasa ce, kuma shi kotun ƙolin jiha ta bai wa a Maris 1947.

Kotun tarayya ta rushe tsarin makin a 1962, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1963 da ƙa'idar mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. 'Yan majalisar karkara ba su zauna ba. A 1964 suka kawo dokar cewa sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'u, in ba haka ba a je zagaye na biyu. Wanda ya jagoranci dokar, Denmark Groover, bai ɓoye cewa manufar ita ce kada baƙaƙe su haɗa kai su ci zaɓe yayin da farare suka rarrabu ba. Dokar na nan har yau.

Cikin wannan canji ne wani mai sayar da irin gyaɗa daga ƙauyen Plains ya shigo siyasa. An yi wa Jimmy Carter maguɗi a zaɓen majalisar dattawan jiha na 1962, a wata gunduma da ƙuri'un cikin akwati suka fi masu zaɓe yawa, ya kai ƙara ya karɓi kujerarsa. Ya zama gwamna a 1971, shugaban ƙasa a 1977, ya ziyarci Legas a 1978. Cibiyarsa da ke Atlanta ce ta jagoranci yaƙi da kurkunu tare da Janar Yakubu Gowon. Najeriya na da masu cutar sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar rabuwa da ita.

Su kuwa attajiran Atlanta lissafinsu daban ne. Coca-Cola, da aka fara haɗawa a birnin a 1886, duniya take sayar wa, kuma hoton 'yan sanda na dukan baƙaƙe ba ya sayar da lemo. Ba tausayi ne ya motsa su ba, tsoron abin da rikicin wariyar launin fata ya yi wa sunan biranen Birmingham da Little Rock na kudancin Amurka ne. Da Martin Luther King, ɗan birnin, ya karɓi kyautar Nobel a 1964, manyan 'yan kasuwa suka ja ƙafa wajen sayen tikitin liyafar karrama shi, sai da shugabannin Coca-Cola suka matsa musu. Maynard Jackson, baƙin fata na farko da ya zama magajin gari a zaɓen 1973, ya ɗauki mataki mafi tasiri: ya ce ba za a yi sabon ginin filin jirgin sama ba sai an ware kashi 25 cikin 100 na kwangiloli ga kamfanonin marasa rinjaye. Daga nan attajiran baƙaƙen Atlanta suka samu gindin zama. Filin, wanda shi ne cibiyar kamfanin jiragen sama na Delta, ya shafe yawancin shekarun da suka biyo bayan 1998 yana kan gaba a duniya wajen yawan fasinjoji.

Fili da riga

A wasanni ne jayayyar ta fi fitowa fili. A Disamban 1955 Gwamna Marvin Griffin ya nemi hana ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar Georgia Tech buga wani babban wasa saboda abokan karawarta na da baƙin ɗan wasa guda. Ɗaliban, farare ne, suka yi zanga-zanga har gidan gwamnati, aka buga wasan. Shekara goma bayan haka magajin gari Ivan Allen ya gina filin wasa na dala miliyan 18 cikin ƙasa da shekara guda, tun kafin ya tabbatar da ƙungiyar da za ta yi wasa a ciki. Ƙungiyar besbol ta Braves ta ƙaura daga Milwaukee a 1966, tare da tauraronta baƙin fata Hank Aaron. A wannan fili, ranar 8 ga Afrilun 1974, Aaron ya yi bugun da ya fitar da ƙwallo waje karo na 715, ya wuce tarihin Babe Ruth, farar fatan da ke riƙe da shi, bayan ya shafe watanni yana karɓar wasiƙun barazanar kisa.

Labarin Muhammad Ali ya fi nuna yadda birnin ke zagaye jiha. Tun 1967 jihohi suka hana shi lasisin dambe saboda ya ƙi shiga soja. Wani ɗan majalisa baƙin fata, Leroy Johnson, ya lura cewa Jojiya ba ta da hukumar dambe ta jiha, izinin birni kaɗai ake buƙata. Ranar 26 ga Oktoban 1970 Ali ya dawo fage a Atlanta, ya gama da Jerry Quarry a turmi na uku. Gwamna Lester Maddox, wanda ya yi suna da korar baƙaƙe daga gidan abincinsa, bai iya komai ba sai ayyana ranar makoki. A can Augusta kuwa, inda ake gasar golf ta Masters tun 1934, sai 1975 baƙin fata ya fara bugawa, sai 1990 kulob ɗin ya karɓi baƙin mamba, mata kuma sai 2012.

A 1990 Atlanta ta samu damar shirya gasar Olamfik ta 1996, ta kayar da Athens ta Girka da ke ganin cikar gasar shekara 100 hakkinta ne. An shirya gasar da kuɗin 'yan kasuwa, kimanin dala biliyan 1.7 daga talla da tikiti da haƙƙin talabijin. Ba ta bar wa birnin bashi mai nauyi ba, amma an ga gurbin arhar: direbobin bas da aka ɗauko daga wasu jihohi suna ɓata hanya, na'urar sakamako na kawo shirme, tituna sun cika da 'yan tireda. Ranar 27 ga Yuli bam ya tashi a dandalin gasar, mace ɗaya ta mutu nan take, sama da mutum 100 suka jikkata.

Filin Sanford na Athens don ƙwallon Amurka aka gina shi, faɗin wurin wasansa bai kai mita 50 ba, ƙwallon ƙafa kuwa na son kusan 68. Dole aka tumɓuke shingen shuke-shuken da ya kewaye filin tun 1929, wanda magoya bayan jami'ar ke ji da shi kamar gadon gida. An yanki rassansa tun da wuri aka rene su a wani wuri, aka sake dasawa bayan gasa. A kan wannan fili Brazil ta kai 3 da 1, Victor Ikpeba ya rage, Nwankwo Kanu ya farke a minti na 90 ya kuma ci ta zinare a ƙarin lokaci. A wasan ƙarshe, gaban 'yan kallo sama da 86,000, yaran Kaduna biyu ne suka farke sau biyu, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, kafin Ajantina ta yi tarkon satar gida ya ƙi kamawa, Emmanuel Amunike ya ci ta uku. Tijjani Babangida da Garba Lawal na cikin tawagar. Zinaren da aka ci a cikin Atlanta kanta na Chioma Ajunwa ne, da dogon tsalle na mita 7.12, kwana guda kafin nan.

Bayan 1964 fararen karkara sun yi ta sulalewa zuwa jam'iyyar Rifablikan, har Sonny Perdue ya ci gwamna a 2002, na farko daga jam'iyyar cikin shekara 130. Amma yanzu fiye da rabin mutanen jihar a Atlanta da kewayenta suke. A 2020 Joe Biden ya ci jihar da ratar ƙuri'a 11,779, abin da ya kai Donald Trump ga kiran sakataren jiha a waya yana neman a samo masa 11,780. A zaɓen ne kuma ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya: Sanata David Perdue na Rifablikan ya zo na ɗaya da kashi 49.7, dokar Groover ta tura shi zagaye na biyu, Jon Ossoff na Dimokurat ya kayar da shi, a ɗaya kujerar kuma Raphael Warnock, limamin cocin da King ya yi wa'azi, ya zama baƙin sanata na farko daga jihar. Majalisar jiha ta mayar da martani a 2021 da sabuwar dokar zaɓe, wadda ta rage tazarar zagaye na biyu daga mako tara zuwa huɗu ta kuma tsaurara jefa ƙuri'a ta wasiƙa. Hukumar besbol ta ɗauke wasan taurari na shekarar daga jihar don nuna fushi. Trump ya sake cin jihar a 2024.

Babban filin Olamfik an zana shi ne tun farko don a rage shi daga kujeru 85,000 zuwa kimanin 50,000 a miƙa wa Braves. Shekara 20 suka yi a ciki. A 2017 suka koma gundumar Cobb da ke arewa maso yammacin birni, wadda ta zuba kimanin dala miliyan 300 na jama'a a sabon fili, hujjarsu kuma ita ce masu sayen tikiti a can suke zaune. Cobb na cikin gundumomin da farare suka ƙaura zuwa lokacin da aka haɗe makarantun farare da na baƙaƙe a Atlanta, kuma a 1965 ta kaɗa ƙuri'ar ƙin shiga tsarin jirgin ƙasa na birnin. Har yau jirgin ba ya zuwa filin, sai mota. Gundumar ta zaɓi Dimokurat a zaɓen shugaban ƙasa na 2016, da 2020, da 2024.